Rifleksoloji

Rifleksoloji wata hanya ce ta neman sauƙin ciwo da gajiya ta hanyar danna wasu keɓaɓɓun gurabe a tafin ƙafa da tafin hannu, wani lokaci har da kunne. Masu yin ta sun ɗauka cewa kowane gurbi a ƙafa ko a hannu yana wakiltar wani sashe na jiki, kamar hanta ko ƙoda ko ido, kuma danna gurbin yana gyara aikin sashen da yake wakilta. Ana neman ta galibi saboda ciwon kai, ciwon baya, rashin barci, taurin bayan gida, ciwon mara na lokacin al'ada, da yawan damuwa.

Siffar da aka san ta da ita a yau ta samo asali ne a Amurka, a farkon ƙarni na 20. Tana cikin rukunin hanyoyin jinya da ba su cikin tsarin likitancin asibiti, ko da yake wasu asibitoci suna barin a yi wa majinyata ita don su samu natsuwa. Gwaje-gwajen kimiyya sun nuna cewa mutane da yawa suna jin daɗi da sakin jiki bayan an yi musu, amma ba su tabbatar da cewa akwai wata taswirar sassan jiki a tafin ƙafa ba, haka kuma ba su tabbatar da cewa hanyar tana warkar da wata cuta ba.

Asalin kalmar

Kalmar ta shigo Hausa ne daga Ingilishi, kuma gaɓa biyu aka haɗa aka gina ta. Gaɓar farko ta fito daga wata kalmar Latin mai ma'anar lanƙwasowa ko juyowa baya, wadda masana aikin jiki suka ara don bayyana martanin da jiki ke mayarwa ba da niyyar mutum ba, irin janye hannu idan ya taɓa garwashi. Gaɓa ta biyu daga Girkanci take, ita ce wadda ake samu a ƙarshen sunayen fannonin ilimi da yawa. Fassarar kai tsaye ke nan ita ce ilimin martanin jiki.

Sunan yana iya rikita mai karatu, domin ba masu tausa ne suka fara amfani da shi ba. Masanin ƙwaƙwalwa ɗan Rasha, Vladimir Bekhterev, wanda ya rasu a shekarar 1927, ya yi amfani da kalmar wajen sanya wa nazarinsa na halayyar ɗan Adam suna, nazarin da ba shi da wata alaƙa da matsa ƙafa. Daga baya ne sunan ya koma kan wannan sana'a. A Danmak har yanzu ana kiranta zoneterapi, wato jinyar yankuna, wanda shi ne sunanta na asali.

Hausa tana da kalmomin tausa da matsa, kuma matsa wa tsoho ko matafiyi ƙafa don ya huce gajiya sanannen abu ne a gidaje. Sai dai wannan ba rifleksoloji ba ce. Mai tausa yana matsa ƙafa ne saboda ƙafar ce ta gaji, shi kuwa mai rifleksoloji yana matsa ƙafa da nufin isar da tasiri ga hanta ko huhu. Wannan iƙirari na aiki daga nesa shi ne ya bambanta ta da sauran nau'o'in tausa, kuma a kansa ne duk muhawarar take.

Tarihi

Wanda ya aza harsashin hanyar shi ne William Fitzgerald, likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ya rayu daga 1872 zuwa 1942, ya kuma yi aiki a asibitin St. Francis da ke birnin Hartford a jihar Connecticut ta Amurka. A wajen shekarar 1913 ya fara bayyana cewa ya lura idan aka matse yatsun majinyaci da ƙarfi, zafin da yake ji a wani wuri na jiki yana raguwa, har a iya yi masa ƙaramin aiki ba tare da maganin kashe zafi ba. Daga nan ya raba jikin mutum gida goma a tsaye, biyar a dama biyar a hagu, kowane yanki ya taso daga ƙoƙon kai ya ƙare a yatsa ɗaya na hannu da ɗaya na ƙafa. A ganinsa, duk abin da ke cikin yanki guda yana da alaƙa da juna, don haka matse yatsa na uku zai iya shafar haƙori ko gaɓar da ke cikin yanki na uku.

Kayan aikinsa na gida ne: zoben roba da ake ɗaurawa a yatsa, abin maƙale shanya, da mataji na ƙarfe da ake damƙewa har haƙoransa su nutse cikin tafin hannu. Abokin aikinsa Edwin Bowers ya rubuta wata maƙala a mujallar Everybody's Magazine a 1915, inda ya shawarci masu ciwon haƙori su matse yatsan ƙafarsu. A 1917 su biyun suka fitar da littafi mai suna Zone Therapy. Yawancin likitocin zamanin ba su karɓi ra'ayin ba.

Ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka karɓa shi ne Dakta Joe Shelby Riley, wanda ya ƙara layukan kwance a kan na tsaye. A wurinsa ne Eunice Ingham ta koyi hanyar. Ingham, wadda aka haifa a 1889 ta kuma rasu a 1974, ma'aikaciyar gashi da motsa gaɓoɓi ce, kuma ita ce ta mayar da hankali kacokan kan ƙafa. Ta yi watsi da roba da mataji, ta dogara da babban yatsanta, sannan ta zana taswirar jiki gaba ɗaya a kan tafin ƙafafu biyu. Littafinta na 1938, Stories the Feet Can Tell, wato labaran da ƙafafu za su iya bayarwa, shi ne tushen kusan duk taswirorin da ake bugawa a yau. Ta shafe shekaru tana zagaya Amurka tana koyar da mutanen da ba likitoci ba, abin da ya fitar da hanyar daga ɗakin likita ya mayar da ita sana'ar da kowa zai iya koya. Bayan rasuwarta, wani ɗan'uwanta mai suna Dwight Byers ya ci gaba da koyarwar a wata cibiya da ke St. Petersburg a jihar Florida.

Ɗaliban Ingham ne suka ƙetara da hanyar zuwa Turai. Doreen Bayly ta kai ta Ingila a shekarun 1960, Hanne Marquardt kuma ta yaɗa ta a Jamus, inda ta fi koyar da ma'aikatan lafiya.

Yadda ta shiga Asiya ya ɗan saɓa wa abin da aka saba zato. Wani limamin cocin Katolika ɗan ƙasar Suwizalan, Josef Eugster, da ke aiki a Taiwan, ya yi fama da ciwon gwiwa, sai ya gwada hanyar bayan ya karanta littafin wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasarsu. Da ya ji sauƙi ya fara yi wa mabiyansa, kuma zuwa farkon shekarun 1980 sunansa ya karaɗe tsibirin. Salon Taiwan ya fi na Ingham zafi, domin ana amfani da gaɓar yatsa ko ɗan guntun itace a danna da ƙarfi. Shagunan matsa ƙafa da suka cika biranen Taiwan da Sin da Singafo a yau suna da alaƙa da wannan yunƙuri, haka ma hanyoyin tsakuwa da ake shimfiɗawa a wuraren shaƙatawa don a taka ba takalmi.

Iƙirarin daɗewa

Littattafan masu sana'ar sukan ce hanyar ta kai shekara dubu huɗu ko biyar. Babbar hujjarsu ita ce wani zane a kabarin Ankhmahor da ke Sakkara a Masar, na zamanin daula ta shida, wajen shekara ta 2330 kafin Miladiyya. Zanen yana nuna wasu mutane suna riƙe da hannuwa da ƙafafun wasu suna yi musu wani aiki. Masana tarihin Masar suna fassara shi a matsayin tausa, ko gyaran farce, ko jinyar yatsu. Babu taswirar sassan jiki a zanen, kuma babu abin da ke nuna cewa ana taɓa ƙafar ne don a gyara wani wuri daban.

Ana kuma danganta ta da likitancin gargajiya na Sin. Gaskiya ne Sinawa suna da tsohuwar al'adar danna gurabe da soka allura, amma tsarinsu dabam ne. Ya ginu ne a kan manyan layuka goma sha biyu da suka ratsa jiki, kuma a cikin ɗaruruwan guraben da ke kan waɗannan layuka, ɗaya tak ne yake a tafin ƙafa, wanda ake kira Yongquan. Tsarin da ya cika tafin ƙafa da hanta da saifa da huhu aikin Ingham ne. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne cewa al'ummomi da yawa sun daɗe suna matsa ƙafa, ita kuwa taswirar ba ta cika shekara ɗari ba.

Taswirar ƙafa da hannu

A taswirar da aka fi amfani da ita, ana ɗaukar ƙafafu biyu idan an jera su a matsayin hoton mutum a tsaye. Yatsu su ne kai da wuya, kuma babban yatsa shi ne ƙwaƙwalwa. Gindin yatsa na biyu da na uku na idanu ne, na huɗu da na biyar na kunnuwa. Tudun da ke ƙarƙashin yatsu yana wakiltar ƙirji da huhu. Kwarin tsakiyar tafin ƙafa shi ne ciki, inda ake sanya hanta a ƙafar dama, saifa a ta hagu, ƙoda kuma a kowace ƙafa. Dunduniya ita ce ƙugu. Gefen ciki na ƙafa, daga babban yatsa zuwa dunduniya, shi ne ƙashin baya, kuma masu sana'ar sukan nuna cewa lanƙwasarsa ta yi kama da ta gadon baya. Kewayen idon sawu an ba shi mahaifa da sauran gaɓoɓin haihuwa.

Taswirar hannu tana bin wannan tsari, sai dai guraben sun fi matsuwa. An fi koyar da ita ga mai son yi wa kansa, tunda hannu ya fi sauƙin kaiwa a ofis ko a mota. Akwai wasu tsare-tsare masu kama da ita da ake yawan cakuɗawa: na kunne, wanda likitan Faransa Paul Nogier ya gabatar a shekarun 1950 yana kwatanta kunne da jariri a kife cikin mahaifa, da kuma Su Jok na Koriya, wanda sunansa ke nufin hannu da ƙafa.

Taswirorin makarantu daban-daban ba su dace da juna ba. Wata takan sanya zuciya a ƙafar hagu kaɗai, wata ta raba ta tsakanin ƙafafu biyu, kuma wurin ƙananan gaɓoɓi yakan gusa daga bugu zuwa bugu. Babu wata hanyar awo da za a bi a gane wacce ce daidai.

Yadda ake yin ta

Zama ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa 60. Mutum zai kishingiɗa a kujera ko gado, ya cire takalmi da safa kawai. Mai aikin yakan fara da tambayoyi kan lafiyarsa, ya duba ƙafar ko akwai rauni, sannan ya sassauta ta da murzawa da jujjuya idon sawu. Wasu suna shafa hoda, wasu ɗan mai kaɗan, domin idan mai ya yi yawa yatsa zai riƙa zamewa.

Babbar dabarar ita ce tafiyar babban yatsa. Ana lanƙwasa gaɓar ƙarshe ta yatsan ana miƙewa, yana matsawa gaba kaɗan-kaɗan kamar tafiyar tsutsa, ba tare da ya rabu da fata ba. A ƙananan gurabe kuma ana kafa yatsan a danna na 'yan daƙiƙu, ko a jujjuya ƙafar a kansa. Aka saba a bi ƙafa ɗaya gaba ɗaya, a koma ɗayar, sannan a dawo kan wuraren da mutum ya ce sun yi masa zafi.

Idan aka taɓa wuri ya yi zafi, ko aka ji wani abu kamar yashi a ƙarƙashin fata, masu sana'ar suna fassara shi da cewa sashen jikin da gurbin ke wakilta yana da matsala. Ingham ta ɗauka cewa wasu ƙananan duwatsun gishiri ne suke taruwa a bakin jijiyoyi, dannawa kuma tana farfasa su. Wasu na baya sun fi son bayanin toshewar wani ƙarfi da ke gudana a jiki, wasu kuma suna cewa hanyar tana fitar da guba. Ba a gano waɗannan duwatsu a binciken naman ƙafa ba, ba a kuma auna ƙarfin da ake magana a kansa ba.

Abin da ilimin jiki ya nuna

Ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26 da mahaɗai 33, hannu kuma yana da ƙasusuwa 27. Fatar tafin ƙafa da ta tafin hannu suna cikin wuraren da suka fi saurin jin taɓawa a jiki. A nan akwai buƙatar fayyace kalma, domin jijiya a Hausa tana ɗaukar abu uku: hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Wannan haɗuwar ma'ana tana sa bayanin cewa jijiyoyin ƙafa sun haɗu da duk jiki ya yi daɗin ji a kunne, alhali ya danganta da wace jijiya ake nufi. Jini dai yana zagaya ko'ina. Jijiyoyin saƙo na tafin ƙafa kuwa an san hanyarsu: suna hawa ta bayan ƙafa da cinya, su shiga laka ta ƙasan gadon baya, daga nan saƙon ya wuce ƙwaƙwalwa. Babu reshen da ya taso daga wani gurbi na tafin ƙafa ya nufi hanta ko ido.

Akwai abubuwa na gaskiya a likitanci da suka yi kama da iƙirarin, kuma sukan sa a ruɗe. A shekarun 1890 likitan Ingila Henry Head ya nuna cewa ciwon wata gaɓa ta ciki yana iya bayyana a fatar wani wuri, kamar yadda ciwon zuciya ke sauka a hannun hagu, ko ciwon matsarmama a kafaɗar dama. Dalili shi ne gaɓar da fatar suna aika saƙo ta mataki ɗaya na laka. Wuraren da Head ya zana sun bazu ne a ƙirji da ciki da baya da kafaɗu, ba su taru a tafin ƙafa ba.

Haka nan likitoci suna karanta ƙafa ta hanyarsu. A 1896 Joseph Babinski na Faransa ya bayyana cewa idan aka karci gefen tafin ƙafar baligi, yatsunsa suna lanƙwashewa ƙasa, amma idan babban yatsa ya ɗaga sama, alama ce ta lahani a laka ko ƙwaƙwalwa. Ana kuma gwada ƙafar mai ciwon sukari da wani siririn zare mai nauyin dannawa giram 10 don a ga ko jijiyoyinsa sun fara mutuwa. Kumburin ƙafafu biyu yana iya nuna matsalar zuciya ko ƙoda ko hanta. Duk waɗannan suna da sanannen dalili a tsarin jiki, kuma babu wanda ya dogara da taswirar Ingham.

Gwaje-gwaje

Tambayar da masu bincike ke yi ba ita ce ko mutum yana jin daɗi bayan an matsa masa ƙafa ba, domin wannan ba abin musu ba ne. Abin da ake son sani shi ne ko danna gurbin da taswira ta nuna ya fi danna wani wuri daban amfani. Don haka gwaji mai inganci yakan raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa kashi ɗaya rifleksoloji ta ainihi, ɗaya kashin kuma a yi masa tausar ƙafa ta gama-gari na tsawon lokaci ɗaya, ba tare da sun san wacce aka yi musu ba.

A wani gwaji da aka wallafa a Danmak a 2001, an raba masu ciwon asma 40 ta wannan hanya na tsawon mako goma. Awon numfashi bai nuna bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba. A 2002 an yi irinsa a Ingila da mata 76 masu fama da zafin jiki da damuwar lokacin ɗaukewar al'ada. Matan ɓangarorin biyu duk sun ce sun samu sauƙi, kuma sauƙin bai bambanta ba. Wani gwaji na shekarar, a kan masu larurar hanji mai kawo kumburin ciki da rikicewar bayan gida, shi ma bai sami bambanci ba.

An kuma gwada iƙirarin gano cuta. A wani bincike da aka wallafa a Ingila a shekarar 2000, an kawo wa ƙwararrun masu rifleksoloji mutane 18 da likitoci suka riga suka san cututtukansu, aka hana su hira da su, aka ce su gano ciwon ta hanyar taɓa ƙafa kawai. Ba su iya gano cututtukan ba, kuma ba su ma yi ittifaƙi da juna ba.

A 2009 Farfesa Edzard Ernst na Jami'ar Exeter ya tattara gwaje-gwaje 18 ya yi nazarinsu a mujallar likitoci ta Ostiraliya. Ya samu cewa da yawansu ƙanana ne kuma tsarinsu mai rauni, waɗanda suka fi inganci kuwa galibinsu ba su nuna amfani ba. Ya sake nazarin tare da abokan aikinsa a 2011 da gwaje-gwaje 23, sakamakon bai canza ba.

Akwai binciken da ya nuna alamun amfani, musamman a wajen masu ciwon daji. Wani babban gwaji a Amurka, wanda aka wallafa a 2012 a kan mata 385 masu sankarar mama da ta yi nisa, ya samu raguwar sarƙewar numfashi da ƙaruwar iya hidimar yau da kullum ga waɗanda aka yi wa. Irin wannan sakamako ne ya sa wasu cibiyoyin kula da masu ciwon daji suke ba da ita a matsayin ƙarin kulawa. Sauƙin alamu ne aka auna, ba raguwar cutar ba, kuma a gwajin ma tausar ƙafa ta gama-gari ta nuna nata amfanin.

Dalilin da ya sa ake jin sauƙi

Sauƙin da mutane ke bayar da labari ba ƙarya ba ne, kuma ana iya bayyana shi ba tare da taswira ba. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka gabatar da ra'ayin cewa laka tana aiki kamar ƙofa, saƙon taɓawa da dannawa yana iya rage yawan saƙon zafi da ke wucewa zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yake murza wurin tun kafin ya yi tunani. An kuma san cewa zafi mai ƙarfi a wuri ɗaya yana dusashe jin wani zafin na ɗan lokaci, wanda mai yiwuwa shi ne abin da Fitzgerald ya gani da robarsa da matajinsa.

Ban da wannan, mutum ya samu kusan awa guda a kishingiɗe, cikin shiru, wani yana kula da shi yana sauraron kokensa. Numfashi yana lafawa, tsokoki suna saki. Sa rai da samun sauƙi shi ma yana da tasirin da aka auna a kan ciwo da tashin zuciya da barci. Sannan yawancin ƙananan larurorin da ake kai wa masu sana'ar, irin ciwon kai da ciwon baya, masu tashi ne su lafa da kansu, kuma mutum yakan nemi taimako ne a ranar da abin ya fi tsanani, don haka kwanakin da suka biyo baya sukan fi sauƙi ko da me aka yi.

Hattara

Ga mai lafiya, matsa ƙafa ko hannu ba shi da wani haɗari in ban da ɗan tsami na kwana ɗaya. Akwai dai waɗanda bai kamata a danna musu da ƙarfi ba. Na farko shi ne mai ciwon sukari da ƙafarsa ta fara mutuwa, domin ba zai ji lokacin da dannawar ta wuce kima ba, kuma ƙaramin rauni a irin wannan ƙafa yana iya zama gyambon da zai kai ga yanke ta. Taka tsakuwa ba takalmi ya fi haɗari a gare shi. Na biyu shi ne wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi da ɗumi, musamman mai jego, ko wanda aka yi wa tiyata, ko wanda ya daɗe a kwance. Wannan yana iya zama gudan jini a babbar jijiya, kuma tausa tana iya ɓalle shi ya tafi huhu. Haka kuma ba a yi a kan karaya, targaɗe, buɗaɗɗen rauni, faso mai jini, ko cutar fata mai yaɗuwa. Mai juna biyu ana shawartarta ta fara tuntuɓar ma'aikatan awo.

Kumburin hannu da ƙafa mai zafi ga jariri ko ƙaramin yaro yana cikin alamun farko na amosanin jini, wato sikila, cutar da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Irin wannan yaro asibiti yake buƙata.

Haɗarin da ya fi girma shi ne jinkiri. Ciwon kai mai tare da zazzaɓi yana buƙatar gwajin jini, hawan jini yana iya daɗewa ba tare da wata alama ba, kuma ƙullutu a mama ba ya jiran a gama zama goma na matsa ƙafa. Matsalar takan zo ta fuska biyu: a gaya wa mai lafiya cewa ƙodarsa ta toshe don gurbinta ya yi zafi, ya shiga fargaba da kashe kuɗi, ko kuma a gaya wa marar lafiya cewa ƙafarsa ba ta nuna komai ba. Manyan ƙungiyoyin masu sana'ar a Birtaniya da Amurka sun hana mambobinsu bayyana wa mutum cutar da ke damunsa, ko rubuta magani, ko sa shi ya daina wanda likita ya ba shi.

Matsayinta a doka

A yawancin ƙasashe babu dokar da ta kayyade wanda zai kira kansa mai rifleksoloji, kuma horon yana kamawa daga kwas na 'yan kwanaki zuwa na shekara guda ko fiye. A Birtaniya rajista ta ganin dama ce, a ƙarƙashin wata majalisar kula da masu irin waɗannan sana'o'i da aka kafa a 2008 da tallafin gwamnati. A Amurka kowace jiha da dokarta, wasu suna sanya ta ƙarƙashin lasisin tausa, wasu kuma sun ware ta. Danmak tana cikin ƙasashen da aka fi yin ta, inda wani binciken ƙasa na 2005 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ya taɓa gwada ta.

A Ostiraliya, ma'aikatar lafiya ta fitar da rahoto a 2015 bayan nazarin hanyoyin jinya 17 da kamfanonin inshorar lafiya ke biya, ciki har da rifleksoloji, kuma ba ta sami hujja bayyananna ta amfaninta ba. Daga ranar 1 ga Afrilu, 2019, aka cire ta daga jerin ayyukan da inshora mai tallafin gwamnati ke biya.